BABI NA UKU: DALILAN ZUBAR JINI A CIKIN ƘWAƘWALWA DA HANYOYIN GANO TA A YANKIN ANKA, BUKKUYUM DA GUMMI

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan abubuwan da ke haddasa zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa, da kuma hanyoyin da ma'aikatan lafiya ke bi don gano ta. An taƙaita bayanin a kan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, waɗanda ke yammacin Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya, sai kuma masu haƙar zinari. Abin da babin ke son fitowa da shi shi ne, alamomin ciwon ƙwaƙwalwa kusan iri ɗaya ne ko da dalilansu sun bambanta. Saboda haka a wurin da na'urar ɗaukar hoto ke da nisa, tambayar yadda ciwo ya fara da sanin sana'ar gidan majinyaci su ne matakin farko na gano cuta. Za a kafa hujja da annobar gubar dalma ta shekarar 2010.

3.1 Ma'anar Zubar Jini a Cikin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne a cikin ƙoƙon kai, wanda ƙashi ne da ba ya buɗawa. Tantani uku ne suka lulluɓe ta, akwai kuma wani ruwa garai-garai da ke kewaye da ita har zuwa laka. Idan jijiyar jini ta fashe a wannan wuri, jinin ba shi da mafita. Sai ya taru ya zama guda, ya danne naman ƙwaƙwalwa, sannan kumburi ya biyo baya. Wannan danniya ita ke kawo ciwon kai da amai da suma, idan kuma ta kai ga gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, sai rai ya yi halinsa.

Masana sun kasa wannan zubar jini gwargwadon wurin da ta auku. Akwai wadda ke aukuwa tsakanin ƙashi da tantanin waje, da wadda ke ƙarƙashin tantanin waje, da wadda ke gauraya da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, da kuma wadda ke cikin naman ƙwaƙwalwa kansa. Bayan waɗannan akwai ɗigo-ɗigon jini ƙanana da ke tsattsafowa daga siraran hanyoyin jini, irin waɗanda ake samu a zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da kuma gubar dalma.

Bahaushe ba shi da suna guda na wannan ciwo. Abin da ido ya gani shi yake ba suna, kamar shanyewar ɓarin jiki, ko jijjiga, ko farfaɗiya, ko doguwar suma. Sau da yawa kuma akan danganta faɗuwar mutum farat ɗaya da bugun iska. Abin lura a nan shi ne, shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: wadda jijiya ta toshe da wadda jijiya ta fashe. A ido kamanninsu ɗaya, amma maganinsu ya saɓa. Maganin da ke tsinka jini, kamar asfirin, yana taimakon mai toshewa, amma yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini.

3.2 Dalilan Zubar Jini a Cikin Ƙwaƙwalwa

3.2.1 Hawan Jini

Hawan jini shi ne babban dalili a tsakanin manya. Akan ce mutum yana da shi idan awonsa ya tsaya a kan 140 bisa 90 ko fiye. Idan ya daɗe ba a kula da shi ba, bangon ƙananan jijiyoyin da ke can cikin ƙwaƙwalwa yakan yi rauni, har wata rana ɗaya daga cikinsu ta fashe. Tun a shekarar 1868 wasu likitocin Faransa, Charcot da Bouchard, suka bayyana ƙananan ƙulli-ƙulli da suka gani a jikin irin waɗannan jijiyoyi. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki fashewar jijiya ce ta same su. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa abin bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Haɗarin hawan jini shi ne ba ya nuna kansa. Magidanci yana iya shekaru da shi yana noma, bai sani ba sai ranar da ya faɗi. Haka kuma mace mai ciki da jininta ya hau har ta kai ga jijjigar haihuwa tana cikin wannan haɗari.

3.2.2 Rauni a Kai

A tsakanin samari, rauni ne ya fi yawa. Faɗuwa daga kan babur ba tare da hular kwano ba, da ruftawar ramin haƙar zinari, da sara ko harbi a hare-haren 'yan bindiga da suka addabi yankin, duk suna iya tsinka jijiya a cikin kai. Akwai nau'i biyu da ke yaudarar 'yan uwan majinyaci. Na farko shi ne bugu a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri kuma akwai jijiya a ƙarƙashinsa. Mutum yakan suma, ya farfaɗo, ya yi magana har a ce ya sami sauƙi, bayan 'yan sa'o'i kuma ya sake suma saboda jinin yana ta taruwa. Na biyu yakan sami tsofaffi. Ƙaramin bugu da aka manta da shi yana iya sa jini ya riƙa tsattsafowa a hankali, sai bayan makonni a ga tsoho ya rikice ko yana jan ƙafa, a ɗauka tsufa ne kawai. Duka biyun ana warkar da su ta hanyar tiyata idan an gano da wuri.

3.2.3 Rashin Daskarewar Jini

Wani lokaci jijiya lafiyarta lau, jinin ne ya kasa daskarewa. Misali na farko shi ne saran kububuwa, macijiyar da wasu ke kira gobe-da-nisa, wadda ta fi sarar manoma da makiyaya a ƙasashen Arewa. Dafinta yana cinye sinadaran da ke daskarar da jini, sai a ga jini yana fita daga dasashi da tsohon miki, yana kuma iya zuba a cikin kai bayan kwanaki. Misali na biyu shi ne jarirai. Ana haihuwar jariri da ƙarancin bitamin K, shi ya sa ake yi masa allurarsa a asibiti ranar haihuwa. Jaririn da aka haifa a gida bai sami wannan allura ba yana iya zubar da jini a cikin kai, musamman daga mako na biyu zuwa wata na uku. Jinin da ya ƙi tsayawa a cibiya, ko bayan wanzami ya cire beli, gargaɗi ne da bai kamata ungozoma ta raina ba.

Bayan waɗannan akwai dalilan da ba su cika yawa ba, kamar kumburin bangon jijiya da ke fashewa farat ɗaya, da cukurkuɗewar jijiyoyi da ake haihuwar mutum da ita, da cutar sikila.

3.2.4 Gubar Dalma

Dalma ba ta fasa jijiya kamar yadda hawan jini ke yi. Ɓarnarta a kan siraran hanyoyin jini take. A ƙwaƙwalwa mai lafiya, bangon waɗannan hanyoyi a matse yake ƙwarai, ba ya barin abin da ke cikin jini ya wuce sai wanda ake bukata. Dalma mai yawa tana lalata wannan shinge, sai ruwa ya riƙa yoyo cikin naman ƙwaƙwalwa, ta kumbura, a kuma sami ɗigo-ɗigon jini a wurare da dama. Pentschew da Garro (1966) sun nuna haka a jikin 'ya'yan ɓeraye masu shan nonon uwar da aka ciyar da dalma. Ke nan babban abin da ke kashe yaro a nan shi ne kumburi, zubar jinin kuwa ƙanana ce da ke tafiya tare da shi.

Yara ƙanana sun fi shiga haɗari saboda dalilai uku. Suna rarrafe a ƙasa suna kai hannu baki. Hanjinsu yana tsotse dalmar da suka haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana. Sannan ƙwaƙwalwarsu ba ta gama ginuwa ba. Ga manya kuwa, dalmar da ta daɗe a jiki tana lalata ƙoda tana kuma kawo hawan jini, wanda ke mayar da zance ga dalili na farko.

3.3 Annobar Shekarar 2010 a Anka da Bukkuyum

Daga wajen shekarar 2008 farashin zinari ya tashi a kasuwar duniya, sai mutanen ƙauyuka suka ƙara dukufa ga haƙarsa. Dutsen da suke haƙowa a wasu ramuka yana ɗauke da dalma mai yawa. Akan kawo shi gari a buhuna, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya, sau da yawa a tsakar gida inda mata ke aiki yara na wasa. Ƙurar ta bi ƙasa da abinci da ruwan sha.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke yawon sa ido a kan sanƙarau, suka sami labarin mutuwar yara da yawa a wasu ƙauyuka. Yaran suna amai, suna jijjiga, su suma, su mutu cikin 'yan kwanaki. Da yake lokacin zafi ne, zaton farko ya tafi ga sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, aka kuma ba da magungunansu, amma mutuwa ba ta tsaya ba. Da aka lura da aikin niƙan dutse a cikin gidaje sai zato ya koma ga guba, gwajin jini kuma ya tabbatar da dalma ce. Daga nan Gwamnatin Tarayya da ta Jiha suka haɗa kai da Hukumar Lafiya ta Duniya da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, domin bincike.

Dooyema da wasu (2012) sun kawo sakamakon binciken gida-gida da aka yi a ƙauyuka biyu a watannin Mayu da Yuni na 2010. Daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin su cika. An gwada jinin yara 204 daga cikin masu rai, aka tarar kashi 97 cikin ɗari suna da dalma maikurogiram 45 ko fiye a kowace desilita ta jini, wanda shi ne matakin da ake fara ba da maganin fitar da ita. Desilita ita ce kashi ɗaya cikin goma na lita. Kusan gida biyu cikin uku ana sarrafa dutsen zinari a cikinsa. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 ne suka rasu a wannan annoba.

Ƙauyukan da abin ya fi shafa sun haɗa da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, sai 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. An buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, inda ake ba yara wani maganin sha da ake kira DMSA, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Sai dai magani ba ya amfani idan yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Saboda haka kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranci kankare ƙasar gidaje da zuba sabuwa. Aikin Bagega bai samu ba sai a 2013, bayan an sha jiran kuɗi daga Gwamnatin Tarayya. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, a 2022 kuma MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha.

Darasin da ke cikin wannan lamari ga mai neman gano cuta a fili yake. Alamomin da yaran suka nuna ba su bambanta da na cututtukan da aka saba gani ba. Abin da ya bambanta su shi ne yawan masu mutuwa a wuri ɗaya, da shekarunsu, da ƙin jin magani, da kuma sana'ar da ake yi a gidajensu.

3.4 Hanyoyin Gano Ciwon

3.4.1 Tambaya

Abu na farko da ma'aikacin lafiya zai nema shi ne yadda ciwon ya fara. Zubar jini daga fashewar jijiya farat ɗaya take zuwa, sau da yawa mutum yana cikin aiki, tare da matsanancin ciwon kai da amai. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro sukan fara da zafin jiki. Gubar dalma kuwa takan ɗauki kwanaki ko makonni: yaro ya daina cin abinci, ya yi ciwon ciki da taurin bayan gida, ya yi ta kuka, ya daina abin da ya riga ya iya kamar tafiya ko magana, sannan jijjiga ta biyo baya. Wajibi ne a tambayi ko an yi faɗuwa ko bugu ko da makonni ne da suka wuce, ko maciji ya yi sara, ko mace tana da ciki ko sabuwar haihuwa ce, da kuma inda aka haifi jariri. A wannan yanki dole a ƙara da tambayar ko ana daka ko niƙan dutse a gidan, ko maigida yana dawowa da kayan aikinsa cikin gida, ko kuma akwai wasu yaran maƙwabta masu irin wannan ciwo. Har kwallin da ake sa wa jariri abin tambaya ne, domin kwallin gargajiya na dutse yakan ƙunshi dalma.

3.4.2 Duba Jiki

Bayan tambaya sai awon jini, da duba ko ɓari ɗaya ya fi ɗaya rauni, ko baki ya karkace, ko wuya ya sanƙare. Sanƙarewar wuya ba ta sanƙarau kaɗai ba ce, jinin da ya gauraya da ruwan ƙwaƙwalwa ma yana kawo ta. Idan ƙwayar ido ɗaya ta buɗe ta fi ɗayar girma, kuma ba ta tsukewa da hasken tocila, alama ce ta danniya mai tsanani a wannan ɓangaren. Ga jariri ana taɓa maɗiga a ji ko ta kumbura ta yi tauri. Zurfin suma kuma ana auna shi da ma'aunin Gilasgo, wanda Teasdale da Jennett suka fito da shi a 1974, mai maki daga 3 zuwa 15. Ga yaran da ba su fara magana ba akwai ma'aunin Bilantaya na ƙasar Malawi, mai maki daga 0 zuwa 5. Amfanin waɗannan ma'aunai shi ne maimaitawa, domin makin da ke raguwa yana nuna ciwo na ci gaba. A 1991 likitocin asibitin Siriraj na ƙasar Tailan sun tsara wani lissafi da ke haɗa suma da amai da ciwon kai da awon jini don rarrabe fashewa da toshewa. Yana taimakawa, amma bai kai a dogara da shi kaɗai wajen ba da maganin tsinka jini ba.

3.4.3 Gwajin Jini da Ruwan Laka

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ƙaramin asibiti zai iya yi. Gwajin sukari yana kawar da sumar ƙarancin sukari. Gwajin zazzaɓin cizon sauro yana fita cikin mintuna, sai dai samun ƙwayar cutar ba ya kore dalma, domin yaro ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun. Greig da wasu (2014), da suka nazarci yara 972 na annobar Zamfara, sun tarar alamomin taɓuwar ƙwaƙwalwa suna ƙaruwa daga maikurogiram 80, suna kuma tsananta ƙwarai daga 120. Ga wanda maciji ya sara, akan zuba jininsa a busasshiyar kwalba mai tsabta a bar shi minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai a nemi allurar kashe dafi. Ita kuwa dalma ana auna ta da wata ƙaramar na'ura, LeadCare II, wadda iyakar awonta 65 ne. A 2010 jinin yara da yawa ya zarce wannan iyaka, sai da aka riƙa sirka shi kafin a sami adadi.

Ɗiban ruwan laka ta gadon baya yana rarrabe sanƙarau, inda ruwan ke yin gurɓi, da zubar jini, inda yake fitowa da ja ko rawaya. Amma yana da haɗari idan danniya ta yi yawa a cikin kai, domin ƙwaƙwalwa na iya zamewa ƙasa ta danne cibiyar numfashi. Saboda haka ba a yin sa ga mai zurfin suma ko wanda ƙwayoyin idonsa suka bambanta.

3.4.4 Hoton Ƙwaƙwalwa

Hanyar da ke yanke shakka ita ce hoton na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila, aka fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971. Sabon jini yakan fito fari fat a hoton, a ga wurinsa da girmansa cikin 'yan mintuna. Ɗigo-ɗigon jini ƙanana kuwa na'urar MRI ce ta fi nuna su. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna tsagewar ƙoƙon kai, amma ba ya nuna jini. Waɗannan manyan na'urori a asibitocin birane ake samunsu, kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa. Ga mutumin ƙauyen Anka ko Bukkuyum, ko na Gummi da ke iyaka da jihohin Sakkwato da Kebbi, isa can yana bukatar kuɗin mota da na hoto da tafiyar sa'o'i a kan hanyar da ba kullum take da tsaro ba. Don haka aikin ma'aikacin ƙaramin asibiti shi ne tantance wanda tafiyar za ta cece shi, kamar mai raunin kai da makinsa ke raguwa, da wanda maganinsa yana kusa, kamar yaro mai gubar dalma ko wanda kububuwa ta sara.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar zubar jini a cikin ƙwaƙwalwa da nau'o'inta. An kawo manyan dalilanta guda huɗu, wato hawan jini da rauni da rashin daskarewar jini da gubar dalma, aka nuna cewa kowanne yana da rukunin mutanen da ya fi kamawa. An kuma bi matakan ganowa tun daga tambaya har zuwa hoto. Annobar 2010 ta nuna cewa an gano abin da ke kashe yaran Anka da Bukkuyum ne ta hanyar lura da aikin da ake yi a tsakar gida, sannan gwajin jini ya tabbatar. Babi na gaba zai duba hanyoyin magani da na rigakafi.